Littafin hanya: bin sawun motocinmu daga Sakkwato zuwa ƙauyuka

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka fara aikin da Kawu ya daɗe yana magana a kansa, wato tsara yadda gida zai riƙa sanin halin da motocinmu ke ciki tun daga fitarsu garin Sakkwato har dawowarsu. Motoci biyu ne, Kanta da akori-kura. Suna kai kayan masarufi ƙauyuka, su dawo da albasa da tafarnuwa da gero, wani lokaci da dabbobi. Hanyoyinmu sanannu ne: ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela da Gada, ta Achida zuwa Wurno da Goronyo, jefi-jefi kuma ta Bodinga har Tambuwal. Amma kayan da ke da sauƙi ba a bakin kwalta suke ba. Sai an sauka an bi burji ko rairayi, kuma a can ne waya ke yin shiru.

Shirun nan shi ne damuwata. Idan aka kira direba ba a same shi ba, wanda ke gida ba ya da hanyar sanin ko batir ne ya mutu, ko sabis ne babu, ko taya ce ta fashe, ko kuwa abin nan ne da kowa ke tsoron ambata. Sai a yi ta kira, wannan ya ce a ƙara haƙuri, wancan ya ce a tashi a bi sawu, har dare ya yi ba a yanke komai ba. Abin da nake so mu cimma shi ne shiru ya samu iyaka. A san ƙarfe nawa zai daina zama shirun da aka saba, a kuma san wa zai yi me idan lokacin ya cika.

Ba za mu ɗora komai a kan waya ba, domin mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara, sannan aka rufe a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Motoci ba su daina fita ba a lokacin, mutane na cin abinci. Duk tsarin da za mu yi, dole ya tsaya da ƙafarsa ko da ranar da babu sabis gaba ɗaya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun zauna da direbobi da yaran mota bayan azahar. Baba, mai tuƙa Kanta, ya riƙe sitiyari tun kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Ɗana, mu da munka bi hanyoyin ga tun babu waya, yau kai za ka koya muna tahiya?" Na ce, "Baba, tafiya taku ce, ban isa in sa baki ba. Zaman gida nake so a gyara, don mu masu jiranku ba mu iya jira ba." Ya ɗan dube ni, sannan ya ce in ɗauko takarda.

Mun yanka kowace hanya zango-zango. Ba ma kiran wuri zango sai ya cika sharaɗi biyu: ana samun sabis a wurin, kuma akwai mutumin da muka sani wanda ke zaune a nan kullum. Baba ne ya ba da lokutan da ke tsakanin zango da zango, domin shi ya san cewa tazarar da ke kama da ta minti 20 a taswira tana cin awa guda idan mota na ɗauke da buhuna kuma hanyar rairayi ce. Da na zauna ni kaɗai na lissafa, da kowace rana sai na ɗaga hankalin gida a banza.

Kafin mota ta tashi za a rubuta a littafin shago hanyar da za ta bi, da mutanen da ke ciki, da inda za a yi lodi, da lokacin da ake sa ran isa kowane zango. Direba zai aiko saƙo a kowane zango. Idan awa ɗaya ta wuce lokacin ba a ji shi ba, zan fara kira ta duk layukan da ke motar. Idan awa ta biyu ta cika, zan kira mutumin zangon baya in tambaya ko motar ta wuce, in kira na zangon gaba in tambaya ko ta iso. Da haka an riga an rage faɗin neman zuwa tsakanin wuri biyu. Idan awa ta uku ta cika, magana ta koma hannun Kawu, shi zai sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha da ofishin 'yan sanda mafi kusa da wurin.

Kwafin littafin yana wurin Hajiya a gida. Ni ina fita, wayata na iya mutuwa, ita kuwa tana nan kuma ba ta manta lokaci.

Talata, 28 ga Janairu

An sayi ƙananan wayoyi masu tocila, ɗaya a kowace mota, kowace da layi biyu na kamfanoni daban. Ba ta direba ba ce, ta mota ce, wurinta aljihun gaban mota. Batirinta na yin kwanaki, ba a kallon bidiyo da ita, kuma ba ta jan idon kowa. An haɗa layukan da NIN, kuma za a riƙa amfani da kowanne ko da sau ɗaya a mako, don layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya rufe shi. Makon jiya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, saboda haka na ware kuɗin kati a lissafin kowace mota kamar yadda ake ware na mai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yaran mota sun fara cike littafin sabis. Aikin ba wuya: a duk inda sandunan sabis suka ɓace a rubuta wurin, a inda suka dawo a rubuta, ga kowane layi. Tuni an fara ganin abin da muka zata, inda wannan layi ya mutu wancan na numfashi, kuma a kan tudu ana samun abin da ba a samu a fadama. Ba zan sa sunayen wuraren a nan ba. Jerin wuraren da matafiyi ba zai iya neman taimako ba, ba abin bazawa ba ne.

Mun yanke cewa saƙon tes shi ne ginshiƙi, ba kira ba, ba WhatsApp ba. Kira na bukatar sabis ya tsaya daram na tsawon magana, WhatsApp na bukatar data, shi kuwa tes da sanda ɗaya ta leƙo na 'yan daƙiƙoƙi yana iya fita. Sai dai direba ya tabbatar ya tafi, domin ba kowace waya ke sake turawa da kanta ba idan ya maƙale. Ta ɓangaren gida kuma akwai wani amfani da na ji daɗinsa ƙwarai: idan na tura tes zuwa wayar da ba ta kan layi, kamfani na riƙe shi har ta dawo. To in na kunna rahoton isar saƙo, da zarar wayar motar ta shiga sabis zan ga alama a tawa, ko da direba bai taɓa ta ba. Wannan alamar kaɗai na gaya mini cewa wayar na raye kuma tana wurin da ke da sabis.

Wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da an sa ɓ ko ɗ ko ƙ sai wayar ta sauya tsarin rubutu, iyakar ta koma 70, dogon saƙo ya rabu gida biyu ko uku. A wurin da sabis ke yawo, rabi na iya zuwa rabi ya tsaya. Don haka saƙon hanya gajere ne, babu haruffa masu lanƙwasa: lambar zango, lokaci, da kalma ɗaya ta lafiya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na bi akori-kura zuwa kasuwar Illela, kusan kilomita 85 daga Sakkwato, don in ga tsarin da idona. Saƙonni sun tafi a kan lokaci. Abin da ya fito sabo shi ne na bakin iyaka. Birnin Ƙonni na kusa sosai, har waya kan saki layin gida ta kama na Nijar ba tare da mai ita ya lura ba. Daga nan ko dai kati ya zube da sauri, ko saƙo ya ƙi fita. Mun shiga saitin wayoyin mun zaɓi kamfanin gida da hannu, mun hana su zaɓa da kansu.

Motocinmu ba sa ƙetarawa, amma abin da ya faru a iyaka yana taɓa mu. An rufe ta a Agustan 2019 aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, ɓarauniyar hanya ke cika da motoci. Kawu ya faɗa da bakinsa a gaban kowa: motarsa ba ta bin hanyar da ba a rubuta a littafi ba, komai ribar da ke ciki, domin wanda ya sauya hanya bai faɗa ba ya sa a neme shi inda ba ya nan.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Yau darasin taswira ne, kuma ƙanena da ke bin akori-kura shi ya fi saurin kamawa. Mutane da yawa na zaton in babu sabis, babbar waya ba ta san inda take ba. Ta sani. GPS ba ruwansa da ƙarfen sabis. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, suna aiko sigina, wayar na saurare kawai, kuma idan ta ji aƙalla huɗu sai ta lissafa wurinta. Abin da ke bukatar data shi ne hoton taswirar, shi ya sa muka sauke ta yankinmu tun a gida, a manhajojin taswira na Google Maps da OsmAnd. Ƙananan hanyoyin ƙauye da yawa babu su a kowace, wasu kuma an zana su inda ruwa ya riga ya cinye. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutumin gari ya fi taswira sanin hanyar da ake bi a bana.

Abin da nake so su iya shi ne karanta lambobi biyu na wuri su tura ta tes. Garin Sakkwato na wajen digiri 13.06 da digiri 5.24. Ta farko tazara ce daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu zuwa gabas. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka lambobi uku bayan ɗigo na kai mai nema cikin tazarar mita ɗari da 'yan kai, kuma wannan ya isa a hango mota. Na nanata musu cewa babbar lamba ce a gaba. Wanda ya juya su, ya sa 5 kafin 13, ya tura masu nema ƙasar Kamaru.

Sanin wuri daban, iya faɗarsa daban. Wayar na iya sanin inda take sarai, ba ta da hanyar gaya wa kowa. Saboda haka idan mota ta tsaya a inda babu sabis, a rubuta lambobin a takarda, a ba wanda zai kai su inda ake samu.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya fara shigowa da ƙarfinsa. Daga yanzu har Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura digiri 40. Mun mayar da tashi bayan asuba, a yi lodi kafin rana ta take, a dawo kafin la'asar.

Kowace mota na ɗauke da jarka biyu na ruwa, ɗaya ta sha ɗaya ta lagireto, ba a haɗa su. Akwai ƙullin sukari da gishiri: cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ga wanda zafi ya kayar. Hajiya ce ta kawo maganar da ni ba zan iya yi wa Baba ba. Ta tuna masa cewa Allah ya yi wa matafiyi rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama, kuma mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota da tsakar rana yana canza taya, ga rayukan mutane a hannunsa, bai kamata ya kai kansa ga faɗuwa ba. Baba ya ce ya ji. Hukuncin nasa ne, mu dai ruwan na nan.

Zafi na cin wayoyi ma. Manyan kamfanonin waya na cewa kada a yi aiki da ita a zafin da ya wuce 35, gaban gilashin mota kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. An hana ajiye waya ko pawa-banki a kan dashbod. Sannan wayar da ke neman sabis a inda babu tana shanye batir da sauri, don haka babbar waya na zama a kan alamar jirgi tsakanin zango da zango, ƙaramar ce ke kunne.

Asabar, 22 ga Maris

Jiya tsarin ya ga gwajinsa na farko. Kanta ta aiko saƙo daga zango na biyu da ƙarfe 10 na safe, ana sa ran na uku da 11 da rabi. Bai zo ba. Da 12 da rabi na kira duk layukan, babu wanda ya shiga. Na tura tes na zuba wa rahoton ido. Hankalina ya tashi, ba zan ɓoye ba, amma akwai abin yi a rubuce, kuma wannan ya hana ni kiran duk dangi.

Da 1 da rabi na kira mai cajin waya na zangon baya, ya ce motar ta wuce a gabansa da kaya, lafiya lau. Na kira mai faci na zangon gaba, ya ce ba ta iso ba, amma motoci na fitowa daga wannan hanyar kamar kullum kuma babu wanda ya kawo labarin tashin hankali. Wannan jumla ta biyu ta fi komai kwantar mini da rai. Inda wani abu ya faru, abu na farko da ake gani shi ne hanya ta ɗauke. Na roƙe shi ya tambayi mai babur na gaba da zai fito. Kafin ya kira ni, sai ga tes daga baƙuwar lamba, lambobi biyu da kalma ɗaya: tiyo. Tiyon lagireto ne ya fashe. Baba ya rubuta lambobin a takarda ya ba wani mai babur, shi kuma ya tura da ya shiga sabis. Bakanike ya tafi daga zangon gaba da sabon tiyo, suka shigo gari kafin magariba.

Abin da ya yi aiki jiya mutane ne: mai caji, mai faci, mai babur da bai san mu ba. Baba kuma bai bar motar ba, bai tura yaro ya taka da ƙafa cikin wannan rana ba, bai buɗe murfin lagireto da zafinsa ba. Mota ta fi mutum saurin ganuwa, tana da inuwa, ruwa na cikinta. Yau Kawu ya aika wa mutanen zangon biyu da goron sallah tun kafin sallar ta zo. An ƙara tiyo da kilif da fambel a akwatin kowace mota.

Talata, 8 ga Afrilu

Ƙanena ya kawo shawarar a buɗe zauren WhatsApp a sa dukkan dangi da abokan ciniki, a riƙa kunna nuna wuri kai tsaye, wanda ke iya yin minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Niyyarsa mai kyau ce, amma na ƙi, Kawu ma ya ƙi. Kowa a yankin nan ya san cewa masu tare hanya ba duba suke yi ba, labari ake kai musu. Bayanin da ke ceton mutum idan yana hannun mutum uku, shi ne ke sayar da shi idan ya shiga hannun talatin. Hanya da lokaci da abin da aka ɗauko, ni da Hajiya da Kawu kaɗai. Mutumin zango ya san motar idan ta wuce, ba a gaya masa ranar da za ta zo. Direba ba ya faɗin lokacin tashinsa a wurin mai shayi, ba a ɗora hoton lodi a Facebook, kuɗin ciniki kuma ta banki suke tafiya duk inda hakan zai yiwu.

Mun kuma yi maganar da ba ta da daɗi. Akwai kalmar da direba zai sa a magana idan yana waya ba da son ransa ba, mu uku muka san ta. Idan ta fito, ko kuma awa ta uku ta cika bayan duhu, babu ɗan gidan nan da zai hau mota ya shiga daji nema. Za a sanar da jami'an tsaro da shugabannin tasha da mai garin wurin, a jira wayewar gari. Wannan sharaɗi ya yi wa ƙanena nauyi, ni ma haka. Amma mota ta biyu a hanya ɗaya cikin dare ƙarin mutanen da za a nema ne.

Tun abin da ya faru da matafiya a yankin Sabon Birni a Disamban 2021, lokacin da aka ƙone mota da mutane a ciki, Kawu ya sa doka cewa duk safiya sai an tambayi tasha halin hanya kafin a tayar da inji. In aka ce a dakata, an dakata, ko albasa za ta ruɓe. Yanzu an rubuta wannan a shafin farko na littafi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na ɗauki makonni ina nazarin wayar tauraron ɗan'adam, tunda ita ce ba ta bukatar ƙarfen sabis. Thuraya, ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ita aka fi sani a yankinmu da hamada. Taurarinta na tsaye wuri ɗaya a sama, sai an fito fili an nuna musu eriya. Iridium kuma na da taurari 66 da ke zagaye a nisan kusan kilomita 780, kuma da su ƙananan na'urorin aika saƙo irin su Garmin inReach ke aiki. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, amma faranti da wutar da yake ci ba na akori-kurar albasa ba ne.

Mun yanke ba za mu saya ba a yanzu. Tsada na ciki, don kuɗin na'ura da na kati duk da dala ake auna su. Babban dalilin dai shi ne shingen bincike. Sojoji sun taɓa haramta Thuraya a jihar Borno a 2013 saboda masu tayar da ƙayar baya na amfani da ita, kuma har yau wanda aka gani da irinta a daji zai sha tambayoyi. Idan kuma miyagu ne suka gan ta, za su ɗauka mai ita babban kamu ne. Ba na so in ba Baba abin da zai jawo masa bayani a wuri biyu. Rediyon oba-oba ma haka, sai da izinin hukuma, kuma zangonsa gajere ne. Wanda aikinsa ke kai shi can cikin hamada, inda ake yini ba a ga gari ba, lissafinsa daban ne, shi kam ya nema da takardunsa.

Alhamis, 15 ga Mayu

An sa na'urar bin sawu a akori-kura don gwaji. Tana karanta wuri da GPS, amma da layin waya take aiko shi, saboda haka inda babu sabis ita ma shiru take, sai ta fito ta zubo abin da ta tara. Amfaninta shi ne tana nuna wuri na ƙarshe da lokacinsa ba tare da an jira direba ba. Ba ta maye gurbin saƙon zango ba, domin tana faɗin inda mota take, ba ta faɗin lafiyar mutanen ciki. Kafin a sa ta na gaya wa direban, na nuna masa abin da nake gani a wayata. Ban yarda a ɓoye wa mutum irin wannan ba, kuma ba don ƙirga masa tsayawar sallah ko cin abinci aka sa ta ba.

Mun duba tayoyi. A gefen kowace akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Safayar Kanta ta gwanjo ce, zanenta da kyau, shekarunta sun ja, an canza ta. An sayi famfon iska mai aiki da batirin mota, don a rage iska a rairayi a mayar da ita da an hau kwalta.

Talata, 3 ga Yuni

Babbar sallah ranar Juma'a ce, hanya ta cika da motocin raguna. An liƙa lambobi biyu a gaban kowace mota: 112 ta gaggawa ta ƙasa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Kyauta ne kiransu, amma su ma sai da sabis. A wannan mako gajiya ta fi komai ba ni tsoro. Sawu ɗaya a rana, komai yawan masu roƙo.

Asabar, 5 ga Yuli

Damina ta sauka, lokutan da Baba ya ba mu a Janairu sun daina aiki. Burjin da ake yi a awa ɗaya yanzu yana cin biyu, kuma sau da yawa awa ta farko na cika alhali motar na tafe lafiya, taɓo ne kawai. Idan aka bar haka, za mu saba da wucewar lokaci har mu daina ɗaukarsa da muhimmanci, kuma wannan zai rushe aikin duka. Mun sake zama an rubuta jadawalin damina daban, an cire hanyoyi biyu na fadama har kaka.

Dokar ruwa ɗaya ce: ba a shiga ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 60 na iya tafiya da babbar mota, kuma ba a ganin ko ƙasan kwalbati ya zare. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san abin da gulbin Rima ke iyawa. An ƙara tambaya ɗaya ga mutanen zango kowace safiya: an yi ruwa jiya da dare, kuma mota ta fito daga ciki yau?

Hadari na taɓa sabis ma, wasu wuraren da littafi ya ce akwai yanzu sai a tarar babu, don haka yaran mota sun koma cike shi daga farko. Sauran aiki: zango biyu a hanyar Gada har yanzu mutum ɗaya muke da shi a kowanne, ana neman na biyu. Hajiya na son a koya wa 'yarta riƙon littafin saboda ranar da za ta yi tafiya. Na'urar bin sawu ta Kanta kuma tana jiran amincewar Baba, ya ce zai ba da amsa bayan kasuwar Illela ta gobe.